Makonnin da Na Toshe Wushiryata

Litinin, da yamma

Yau an ɗauke mu hoto a makaranta. Shugaba ta ce da shi za a yi babban allon talla a bakin ƙofa saboda ɗaukar sababbin ɗalibai, don haka kowa ya zo da kwalliyarsa. Na sa atamfata mai ruwan goro, na yi ɗaurin ɗankwalin da Yaya ta koya mini. Da na dubi madubin da ke jikin ƙofar durowa, ni da kaina na ce tubarkalla, tunda ba mai faɗa mini.

Mai hoton ya jera mu a matakalar shiga. Ni kaɗai ce baƙuwa a cikin malamai, ni kaɗai ce kuma baƙa, sai aka sa ni a tsakiya. Ya ɗaga kyamara, na saki dariyata da na saba. Ya ɗauka, ya duba, ya sauke. Ya faɗa wa Shugaba wata magana da yarensu. Ta matso ta dafa kafaɗata.

"Malama, murmushi kawai. Haɗe leɓɓanki."

Na ɗauka wani abu ne ya maƙale mini. Na sa harshe na lalube.

"A'a, ba abinci ba ne," in ji ta. "Ramin nan ne." Ta nuna tsakanin haƙoranta na gaba da farce.

Rami. Wushiryar tawa ce rami.

Na kusa shekara a ƙasar nan ina koyar da lissafi, kullum ina wage baki ina gaida mutane, ashe tausayina ake ji. Na haɗe leɓɓan aka sake ɗauka.

Ɗakin nan shiru. Na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta tana ta ɗigar da ruwa a kan rufin tagata.

Talata, da safe kafin in fita

Ban kira gida ba. Gobe.

Laraba, lokacin abincin rana

A ɗakin malamai akwai sikeli a bayan ƙofa, kusa da butar lantarki. Da farko na zaci na auna jakunkunan yara ne. Ashe na malamai mata ne. Kowace ta gama cin abincinta, in har za a kira shi abinci, rabin tuffa da ɗan ganye, sai ta tuɓe takalmi ta hau, ta faɗi lambar da ƙarfi, sauran su ce wash ko su tafa mata. Ni kuwa da na buɗe kular shinkafata sai kowa ya waiwayo kamar na shigo da akuya.

Mai Laima ce kaɗai take zama kusa da ni. Malamar kiɗa ce. Ni na raɗa mata sunan a raina, don ko da hadari ko babu, daga ƙofar aji zuwa ƙofar ofis sai ta buɗe laima, wai kada rana ta taɓa ta. Fara ce fat, siririya, in ta juya gefe sai ka neme ta ka rasa. Ita ta nuna mini motar da zan riƙa hawa, ita ta raka ni asibiti da na yi zazzaɓi, ita ta tsaya mini a gaban mai gidan haya da famfo ya fashe. Ba don ita ba da kurma zan zama a garin nan.

Yau ta turo mini wani ɗan kwali an ɗaure shi da jan zare. Man shafawa ne.

"Wannan mai kyau ne, ba ya ƙuna. Kafin a jima za ki ga kin yi haske."

Na ce, "Hasken me? Fitila ce ni?"

Ta yi dariya hannunta a baki, haka dukansu suke dariya. "Ke dai ba kya rabo da wasa. Da gaske nake, ƙawata, fuskarki tana da kyau. Abu uku kawai za a gyara. Fata, jiki, da haƙori."

"Uku kacal? Ashe na kusa."

Na karɓa na yi godiya. Don tana sona ta saya, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Juma'a, bayan la'asar

Na kira gida, murya kawai. Na ce wa Yaya intanet ba ƙarfi. Ta san ƙarya ce, ta ƙyale ni.

Na ba ta labarin rami. Ta yi dariya har tana tari.

"Auta, wai wushiryar taki? Wadda samari suka hana mu sakat a ƙofar gida saboda ita? Wadda na yi ta cusa tsinken tsintsiya a haƙorina ina neman irinta har Inna ta zane ni? To ki ce su ciro ta su aiko mini a ambulan, ina so."

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Daga nan na tambayi abin da muka san ya rage a faɗa.

"Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi."

Tun ranar da Inna ta faɗi a banɗaki amsar ke nan.

"Tana gane mutane?"

Yaya ta ja numfashi. "Jiya ta kira ni mai wanki. Shekaranjiya ta kori Kawu, wai mai karɓar haraji ne. Amma ke kullum sai ta tambaya, ina Autata mai wushirya? Ki kira da bidiyo mana ta gan ki."

Na ce sai an gyara intanet.

Na san abin da nake tsoro. Ba sai na rubuta shi ba.

Asabar, da hantsi

Na fita neman rigar da zan sa ranar taron iyaye. Shagon farko, tun ina bakin ƙofa yarinyar ta gicciya hannuwanta biyu ta girgiza kai, ban ma ce uffan ba. A na biyu suka kawo mini mafi girma, ta tsaya a kafaɗa, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na yi ta kokawa da ita a ɗan ɗakin gwaji ina jin su a waje suna ƙus-ƙus. A na uku matar ta kama hannuna cikin mutunci ta kai ni sashen masu ciki.

A gida ni ce ake cewa mace har mace. Lokacin da aurena ya mutu na rame, tsofaffin unguwa suka yi ta aiko mini da kwanuka kamar mai jinya, sai da kumatuna suka dawo sannan hankalinsu ya kwanta. A nan kumatun su ne cutar.

Na dawo a jirgin ƙasa. Kujerar da ke kusa da ni ba wanda ya zauna, kamar kullum. Na ɗora jakata a kai, ita ma ta huta.

Ban ɗora tukunya ba. Shayi.

Litinin, bayan darasin farko

An kafa allon. Tun daga tashar mota ake hango shi. Ga atamfata, ga ɗaurin Yaya. Amma matar da ke ciki ban san ta ba. An wanke ta ta koma launin shayi mai yawan madara. An zabtare mata kumatu da damatsa. Kuma hoton farko suka ɗauka, wanda nake dariya, sai dai haƙoran a jere suke reras kamar ƙwayar masara, ko tsaga babu.

Na tsaya ina kallonta tana mini dariya. Mai gadi ya ɗaga mini babban yatsa.

A aji 'yan matan suka yanyame ni. "Malama, kin yi kyau a hoto!" Wata 'yar ƙarama mai tabarau ta ce, "Malama, da haka kike a zahiri da tuni kin sami miji." Ba da mugunta ta faɗa ba, shawara take ba ni. Na ce kowa ya koma mazauninsa. Na juya na yi ta rubuta lissafi a allo, bayana kawai suka gani har aka kaɗa ƙararrawa.

Talata, da yamma

Yau na kama kaina ina dariya hannuna a baki.

Alhamis, bayan an tashi

Shugaba ta kira ni ofis. Ta zuba mini shayi da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yaba sakamakon ajina, ta ce ba a taɓa cin lissafi haka a makarantar ba. Ta ce ranar taron iyaye ni ce zan yi jawabi a madadin malamai, kuma za a haska fuskata a babban majigi don na baya su gani. Bayan taron ne masu makaranta za su zauna kan waɗanda za a sabunta wa kwantiragi.

Sai ta turo mini katin likitan haƙori.

"Iyaye sun ga allon ƙofa. In suka shigo suka ga daban, za su ce mun yaudare su."

Na ce, "Ai ba ni na yaudare su ba, ranki ya daɗe."

Ta yi murmushi kamar ba ta ji ba. "A nan in mace ta bar irin wannan, cewa ake yi ba ta kula da kanta. Wadda ba ta kula da kanta ba, yaya za ta kula da ɗana? Haka suke tunani. Ba dole nake miki ba. Ciko ne kawai, ko allura ba a yi, in kin ga dama daga baya a cire. Makaranta ce za ta ɗauki nauyi."

Ba dole. Maganin Inna daga aikin nan yake fita, kuma ta sani, ni na taɓa gaya mata da bakina.

Katin yana kan firij. Ban kira gida ba.

Juma'a, da yamma

Mai Laima ta ja ni shagon shayi. Ita ruwan zafi da yankan lemo, ni kek. Na ci rabi kunya ta kama ni na ture sauran. Na gaya mata yadda muka yi da Shugaba.

"To mene ne a ciki?" in ji ta. Ta lalubo wayarta ta nuna mini hoton wata yarinya da kayan makaranta, mai faɗin hanci da zagayayyar fuska, ta wage baki tana dariya.

Na ce, "Ƙanwarki ce? Kai, akwai fara'a."

"Ni ce."

Na dubi hoton, na dube ta. Ko kunnen ban gane ba.

"Tiyatar hanci da haɓa. Kyautar gama sakandare aka yi mini. Da waccan fuskar ba mai ɗauka ta aiki, balle aure." Ta kife wayar da sauri kamar ta nuna mini abin kunya.

Na so in ce yarinyar ta fi shiga raina. Ban faɗa ba.

Ta ce gobe za ta raka ni wurin likitan haƙorin.

Asabar, da azahar

An yi.

Likitan ya kwantar da ni, ya haske mini fuska, ya kira yarinyar da ke taya shi ta zo ta leƙa, suka yi 'yan maganganu a kan bakina kamar ba na wurin. Ya cusa wani farin abu, ya daddanna, ya goge. Kafin in gama salati a zuci ya miƙo mini madubi.

Matar allon bakin ƙofa ce, sai dai ba a wanke ta ba.

Mai Laima ta tafa har da ƙwalla. A hanya ta saƙala hannunta a nawa, ta sa ni a ƙarƙashin laimarta.

Harshena sai zuwa wurin yake yana neman hanya, yana cin karo da bango. In na ce sifili ko saba'in, sautin ba nawa ba ne. Da can akwai 'yar iska da take fita tare da su. Tun ina yarinya in ina kurkure baki ta tsakani nake feso ruwan, Inna ta yi faɗa har ta gaji. Ɗazu da na zo alwala ruwan ya rasa ta inda zai bi.

Lahadi, da safe

Ba ciwo. Ai an ce ba ciwo.

Laraba, da yamma

Taron iyaye ya wuce. Atamfar na sake sawa. Na hau dandamali na yi jawabina, fuskata a majigi ta kai girman ƙofa. An tafa sosai. Iyaye mata sun zo suna ɗaukar hoto da ni, wata ta shafa kumatuna ta faɗi wani abu, Mai Laima ta fassara mini, wai in na rage jiki zan yi kama da 'yar fim. Shugaba ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce, "Kin fidda mu kunya. Ki ɗauka kwantiragi ya zama naki."

Na sayo kaza a hanya don in yi murna. Tana firij.

Gobe zan kira da bidiyo. Yau ina jin zan iya.

Alhamis, bayan la'asar

Na kira.

Yaya ba ta tsaya gaisuwa ba, da gudu ta kai wayar ɗakin Inna. Na ga silin, na ga labule, sannan na gan ta. Ta ƙanƙance. Kallabinta ya zame, filo ya kusa haɗiye kanta.

"Inna, sannu da jiki. Ni ce."

Ta zuba mini ido. Na ji muryar Yaya daga gefe: "Yi mata dariya. A hoto ma da dariyar take gane ki."

Na manta. Wallahi a lokacin na manta. Na wage baki na yi mata dariya.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, cikin ladabin nan nata na baƙi, "Sannu baiwar Allah. Ke ce sabuwar nas ɗin?"

"Inna, Auta ce."

"Auta ta tafi koyarwa. In kin gan ta ki ce ina cigiya."

Ta juya fuskarta bango.

Yaya ta fito tsakar gida da wayar, ta matso da ita kusa da idonta. "Buɗe bakinki in gani." Na buɗe. "Innalillahi. Auta, me kika yi?"

Da ta ga fuskata sai ta sassauta. "Ba komai, share hawayenki. Ni da nake wanke ta kullum ma ba ta gane ni. Wataƙila ko da wushiryar haka za ta ce."

Wataƙila.

Juma'a, lokacin abincin rana

Mai Laima ta zauna kusa da ni da fara'arta. Ta ga ban zo da kula ba, ta ce, "Yawwa, kin fara! Ɗaya ya tafi, saura biyu. Kin soma shafa man?"

Ban san lokacin da maganar ta fita ba, a gaban kowa, da ƙarfi.

"Mahaifiyata ba ta gane ni ba jiya. Kin ji abin da kuka ja mini? Ke taki uwar, in ta gan ki a hanya, za ta gane abin da ta haifa?"

Wadda ke kan sikeli ta sauko a hankali. Mai Laima ta ajiye cokalinta.

"Ita ta kai ni asibitin," in ji ta. "Ita ta zaɓi hancin."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ta bar laimar jingine da kujera. Na hango ta ta taga tana ratsa filin makaranta, rana tana dukanta, ba ta ko sunkuyar da kai ba.

Asabar, da hantsi

Na koma wurin likitan ni kaɗai. Matar da ke teburin karɓar baƙi ba ta jin Turanci, ni kuma yarensu bai wuce na sayen burodi ba. Na nuna haƙorin, na yi alamar cirewa. Ta leƙa ta ɗaga mini babban yatsa. Na sake nunawa. Ta kira wata suka leƙa tare, suka yi ta gyaɗa kai suna yabawa. Da na dage, ta jawo kalanda ta ɗaga shafi ta nuna mini tsakiyar wata mai kamawa.

Na tsaya a bakin titi na rasa ina zan nufa.

Lahadi, da la'asar

Na gwada da fil ɗin mayafi a gaban madubi. Abin ko gezau. Dasashina ne ya yi jini.

Kazar ta fara wari, na zubar.

Litinin, da yamma

Mai Laima ba ta zo ɗakin malamai ba. An ce a ɗakin kiɗa take zama. Laimar tana nan inda ta bar ta, ba wanda ya taɓa. Sauran malaman suna gaishe ni da kai, su wuce ta gefe.

Wataƙila ko da wushiryar haka za ta ce. Wataƙila.

Talata, da yamma

In ban da yara a aji, ba wanda ya yi mini magana yau sai muryar cikin jirgin ƙasa mai faɗin sunan tasha.

Laraba, da safe

Saƙon murya daga Yaya. Inna ta daina karɓar abinci, in an kai cokali sai ta datse baki. Likita ya zo gida ya duba, ya ce a yi ta addu'a. Yaya ba ta yi wasa ko ɗaya a saƙon ba. Ta ce in kira ko muryata ce Inna ta ji.

Ban kira ba. Ba zan iya a sake ce mini baiwar Allah ba.

Alhamis, bayan an tashi

Na ɗauki laimar na kai mata ɗakin kiɗa. Tana zaune a gaban fiyano, murfin a rufe. Na jingine ta a bango.

Na ce, "Ki yafe mini. Bakina ne ya fi ƙarfina."

Ba ta ɗago ba.

"Kuma ba don Allah kaɗai na zo ba, har da buƙata. Mahaifiyata ta daina cin abinci. Ina so a cire abin nan kafin in sake kiranta, sun ce sai wata mai kamawa. Ba ni da bakin da zan roƙe su da shi sai naki."

Ta juyo ta dube ni. Idonta ya yi ja.

"Da gaske a wurinku kyau ne? Ko dai kin faɗa ne don kada in ji tausayinki?"

"Har waƙa ake yi mata. Akwai matan da suke zuwa a feƙe musu haƙori don su samu."

"Su biya a ɓata musu haƙori?"

"Ke ba biya aka yi aka fasa miki hanci ba?"

Na ciji leɓe, na ce shi ke nan na sake ɓallo ruwa. Sai ta saki wata irin dariya ta hanci, ta goge ido da bayan hannu. "Ke kam ba ki iya ban haƙuri ba."

Ta ɗauki waya ta kira asibitin. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ta miƙe tsaye, tana magana tana dukan murfin fiyano da tafin hannu. Ban fahimci komai ba sai kalmar uwa, ta faɗe ta ya fi a ƙirga. Da ta kashe ta ce, "Gobe da safe, kafin su buɗe wa kowa. Zan riƙe miki ajinki."

Da zan fita ta ce, "Tawa uwar ba ta ajiye hotona na da ko ɗaya ba. Wanda kika gani a wurin wata ƙawata na samo."

Na koma na zauna kusa da ita a bencin har mai shara ya zo kulle ɗakin.

Juma'a, da azahar

An cire. Likitan ya yi aikin yana girgiza kai kamar an sa shi rushe ginin da ya yi. Da na fito na tsaya a bakin titi na ja iska ta tsakani, sanyi ya ratsa har ƙwaƙwalwata.

Na haɗu da Shugaba a bakin ƙofa, daidai ƙarƙashin allon. Na gaishe ta. Idonta ya sauka a bakina.

"Faɗuwa ya yi?"

"Cirewa na yi, ranki ya daɗe."

"Kin san ba a sa hannu a kwantiragin ba tukuna."

"Na sani. Ina kuma neman izinin zuwa gida da zarar an gama jarrabawa. Jikin mahaifiyata ya yi tsanani."

Ta ɗaga kai ta dubi matar da ke sama, ta dube ni. Ta ce za ta yi magana da masu makaranta. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na wuce aji.

Juma'a, gab da magariba

Na kira.

Yaya ta tallafo kan Inna ta jingina shi a ƙirjinta. Idanun a lumshe, leɓɓan sun bushe. Na matsa kusa da taga don haske ya same ni sosai. Na yi sallama, na yi mata dariya, hawaye na zuba ina dariyar.

Ta buɗe ido. Ta daɗe. Sai na ga hannunta ya taso, yatsanta ya taɓa gilashin wayar daidai bakina.

"Iya?"

Na dubi Yaya.

"Iya, kin dawo?"

Yaya ta sunkuyo ta yi mini raɗa. "Kaka take nufi. Mahaifiyarta. An ce wushiryarta har ta fi taki faɗi."

Ban taɓa ganin Kaka ba. Ta rasu Inna tana 'yar ƙaramar yarinya, ko hotonta babu. Ba wanda ya taɓa gaya mini daga wurinta na gado.

"Iya, kin daɗe," in ji Inna, da wata 'yar siririyar murya ta shagwaɓa da ban san tana da ita ba.

Na so in ce Auta ce. Har na buɗe baki. Yaya ta girgiza mini kai.

Na ce, "Na dawo."

"Yunwa nake ji."

Yaya ta miƙa hannu ta jawo kofin madara da cokali. Inna ta datse baki, ta kalle ni.

Na ce, "Buɗe mana. Yawwa. Haɗiye, 'yar albarka."

Ta buɗe. Ta haɗiye. Ta sake buɗewa. Ta sha kusan rabin kofin, kowane cokali sai ta dube ni in yaba mata sannan ta karɓi na gaba. Yaya tana ba ta tana kuka ba sauti, hawayen na ɗiga a kallabin Inna.

Da ta ƙoshi ta ce, "Kar ki tafi sai na yi barci."

"Ba inda za ni."

Na zauna a nan ina mata murmushi har kumatuna suka ƙage. Idonta ya riƙa rufewa yana buɗewa yana nemana, har ya rufe.

Yaya ta ce, "Ta yi barci, Auta. Je ki huta, ki ci wani abu."

Na ce, "Jingine wayar kusa da filonta. Kar ta farka ta nemi Iya ta rasa."

Ta jingine. Na sa tawa a caji, na jawo kujera. Ina rubuta wannan a kan cinyata, ina jin numfashinta.